Dokokin Farautar Talotalon Daji a Amurka da Halin da Zabin Dajinmu Suke Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani tsuntsu wanda akasarinmu ba mu san shi ba sai a tsakar gida ko a kasuwar kaji, wato talotalo. Ni ɗan gidan maharba ne, an haife ni a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, kuma yau shekaru ke nan da neman abinci ya kai ni jihar Jojiya a kudancin Amurka. A can ne na tarar talotalo naman daji ne sosai, yana kiwo a ƙasa da rana, yana tashi sama ya kwana a kan manyan itatuwa, toronsa yakan kai kilo tara ko goma, kuma yana da kaifin ido da wayon da sai ƙwararren maharbi yake iya kusantarsa. Shekarun nan ana ta gardama a jihohi da yawa a kan lokacin da ya kamata a buɗe farautarsa da irin dabarun da ya kamata a hana, kuma duk lokacin da na saurari gardamar sai zabin dajinmu su faɗo mini a rai.

Abin da ya fara jawo hankalina ya faru ne a wani watan Afrilu, da wani abokin aikina Bature ya gayyace ni in raka shi daji. Mun fita tun kafin asuba, muka zauna a gindin wata bishiya muka jingina, ya fito da wani ɗan akwatin katako da ake gogawa ya yi kukan macen talotalo. Da gari ya fara wayewa sai wani toro ya amsa daga can nesa, da wata irin murya mai cika daji. Ba toron ne ya fara isowa ba, mace ce ta sauko ta bi ta gabanmu tana tsattsagar ƙasa, tsakaninmu da ita bai fi taku goma ba, amma mutumin nan ko bakin bindigarsa bai ɗaga ba. Can kuma wani matashin namiji mai ɗan guntun gemu ya biyo sawunta, shi ma ya ƙyale shi ya wuce, muka koma gida hannu rabbana. A hanya ya bayyana mini cewa macen doka ce ta hana a taɓa ta, matashin kuwa dokar jiharmu ba ta hana ba, shi ne dai ya ga ya fi kyau a bar shi ya kai baɗi. Na yi shiru ina tunanin irin abin da za a ce da maharbin da ya dawo ƙauyenmu da wannan labari.

Haƙurin da na gani a wurin mutumin nan ba da shi kakanninsa suka zo ba, asara ce ta koya musu. Asalin talotalo na nahiyar Amurka ta Arewa ne, mutanen ƙasar Meziko ne suka fara kiwonsa a gida, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso gare mu. Lokacin da Turawa suka fara zama a gabashin Amurka sun tarar da shi a daji ba iyaka, sai suka bi shi da harbi rani da damina, suna zuba masa hatsi su yi kwanto, suna kakkaɓo shi daga kan bishiya da dare, suna loda shi a kan amalanke zuwa kasuwannin birane, a lokaci guda kuma ana sare dazuzzukan da yake ciki domin noma da katako. A jihar Masacusets, talotalon daji na ƙarshe da aka sani an harbe shi a 1851. Zuwa 1920 ya ɓace ƙurmus daga jihohi 18 cikin 39 da yake zaune a cikinsu tun asali, kuma adadin da aka fi ambata na abin da ya saura a duk ƙasar a shekarun 1930 shi ne kimanin 30,000, a maƙale cikin fadamu da duwatsun da mutum ba ya iya shiga cikin sauƙi.

Ina so mai karatu ya lura da cewa mutanen da suka yi wannan ɓarna ba masu farautar nishaɗi ba ne. Talakawa ne masu neman abin miya da 'yan kuɗin kashewa, kamar dai mutanenmu, kuma kowannensu yana ganin ɗan abin da ya ɗauka bai isa ya ƙarar da daji ba.

Gyaran ya zo ne da kaɗan-kaɗan. A 1900 aka yi dokar Lacey wadda ta haramta ɗaukar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata, abin da ya karya lagon masu farautar kasuwa. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda a ganina ita ce ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya, domin ita ce ta tanadi cewa harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yanzu kashi 11 cikin 100 ne, a riƙa rarraba shi ga hukumomin kula da namun daji na jihohi, da sharaɗin cewa jihar da take son kasonta ba za ta karkatar da kuɗin lasisin maharba zuwa wata hidima dabam ba. Ta haka maharbi ya san cewa kuɗin da ya fita daga aljihunsa daji ya koma, shi ya sa yake ganin yana da bakin magana a kan dokar, yake kuma jin zafin wanda ya karya ta.

Da kuɗi suka samu sai aka fara da kuskure. An kafa gidajen kiwo aka ƙyanƙyashe talotalo dubu ɗaruruwa aka sake su a daji, kusan dukkansu suka hallaka, saboda tsakon da bai taso a bayan uwa ta daji ba bai san abokin gaba ba, bai san inda ake neman abinci ba, bai kuma san hawa bishiya da magariba ba. Sai a 1951 wani masanin namun daji mai suna Herman Holbrook, a dajin Francis Marion da ke Karolaina ta Kudu, ya gwada wata raga da ake harbawa da 'yan ƙananan igwa ta rufe garke guda yana cikin cin hatsi. Daga nan aka samu hanyar kama na daji da ransu a kai su inda suka ƙare. Jihar Bamont ta karɓi guda 31 daga jihar Niyok a 1969 da 1970, Masacusets ta karɓi 37 a farkon shekarun 1970, kuma daga waɗannan 'yan ƙalilan ne dubban da suke jihohin biyu a yau suka fito. Misuri, wadda abin da ya rage mata a farkon shekarun 1950 bai kai 2,500 ba, ta sake buɗe farauta a 1960 na kwana uku kacal aka harbi 94, amma a bazarar 2004 abin da aka harba a jihar ya haura 60,000. Lokacin da aka kafa ƙungiyar maharban talotalo ta ƙasa, wadda ake kira NWTF, a 1973, ana ƙiyasta tsuntsun da miliyan 1.3, zuwa farkon shekarun 2000 kuwa ya doshi miliyan 7, ana farautarsa a kowace jiha in ban da Alaska.

Raga da mota ne suka mayar da tsuntsun daji, amma tsarin farautar ne ya bar shi ya yaɗu, kuma tsarin an gina shi a kan sanin yadda tsuntsun yake hayayyafa. Macen talotalo a ƙasa take sheƙa, cikin ciyawa ko a gindin ƙaya, tana saka ƙwai ɗaya kusan kowace rana har su kai goma zuwa goma sha biyu, sa'an nan ta yi kwanci na kwana 28. Toro ba ya kwanci, ba ya reno, kuma guda ɗaya yana iya barbarar mata da yawa. Saboda haka aka ce a farautar bazara, tsakanin Maris da Mayu, namiji kaɗai za a harba, wanda ake ganewa da gemun da ke rataye a ƙirjinsa da kuma jan wuyansa, domin idan an riga an yi barbara ɗauke wasu toraye ba ya rage yawan 'yan tsakin da za a samu. Mace kuwa ita ce jarin, wanda ya kashe ta a watan Afrilu ya kashe ta tare da ƙwai goma. Akwai jihohin da suke da farautar kaka inda ake yarda a harbi mace ko namiji, amma a kan wannan ne hukumomi suka fi sa ido, kuma ita suke fara taɓawa idan lissafi ya nuna raguwa. Jojiya ba ta da farautar kaka sam.

Dokar ta shiga har cikin dabarun farautar. A akasarin jihohi haramun ne a zuba hatsi domin a jawo talotalo a harbe shi, haramun ne a kira shi da na'ura mai ɗauke da muryar da aka naɗa, sai dai maharbi ya yi kiran da bakinsa ko da abin da yake sarrafawa da hannu, kuma ba a farauta da dare. Jihohi da yawa ba su yarda da bindiga mai cin dogon zango a bazara ba, sai mai watsa ƙwayoyi wadda dole mutum ya jawo tsuntsun kusa kafin ya same shi, ko kwari da baka. Fensilbeniya ma a 2021 ta cire bindiga mai dogon zango daga farautar kaka, domin ta rage yawan matan da ake kashewa. Manufar duk waɗannan ɗaya ce, a bar wa tsuntsun hanyar tsira, yadda cikin mutum goma da suka shiga daji ba duka ne za su fito da nama ba. A jihohi da yawa kuma, ciki har da Jojiya, wanda ya yi sa'a wajibi ne ya rubuta a takardarsa tun kafin ya ɗauke tsuntsun daga inda ya faɗi, sa'an nan ya sanar da hukuma ta waya ko ta intanet, don haka a ƙarshen kowace farauta an san adadin da aka kashe a kowace gunduma.

Da labarin a nan ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne cewa tun wajen shekara ashirin da suka wuce talotalon ya sake fara raguwa, musamman a kudu maso gabas da tsakiyar ƙasar, kuma ba a jira sai da maharba suka daina jin kukansa aka gane ba. Kowace shekara bayan ƙyanƙyasa ma'aikata da mutanen gari sukan rubuta duk macen da suka gani da adadin 'yan tsakin da ke bin ta, a Kansas har masu raba wasiƙu a karkara suna cikin masu wannan ƙidaya. Masana sun ce sai an samu kimanin tsaki biyu ga kowace mace kafin garke ya tsaya yadda yake, to a Jojiya da maƙwabtanta an yi shekaru a jere lissafin yana ƙasa da biyu. Mafi yawan sheƙuna ba sa kaiwa ga ƙyanƙyasa, saboda macizai da dila irin nasu da wata dabba mai ɓarnar ƙwai da suke kira rakun, wadda ta yawaita tun da farashin fatarta ya faɗi masu tarko suka rage kama ta. Waɗanda aka ƙyanƙyashe kuma fiye da rabi suna mutuwa a watan farko, musamman a makonni biyun da ba su iya tashi sama ba tukuna.

Da hukumomi suka ga haka sai suka koma kan dokar. A 2022 Jojiya ta rage adadin da mutum zai iya harba a shekara daga uku zuwa biyu, ba fiye da ɗaya a rana ba, ta kuma ɗage ranar buɗewa daga Maris zuwa farkon Afrilu. A shekarar ce Alabama ta rage daga biyar zuwa huɗu, ta hana kafa gunkin talotalo na yaudara a kwana goma na farko, Okalahoma kuma ta mayar da nata toro ɗaya tak. Tenesi ta rage zuwa biyu a 2023 ta jinkirta buɗewa da mako biyu, Kansas kuwa a wannan shekarar ta dakatar da farautar kaka ɗungurungum. Na ji ƙorafi da kunnena a shagon sayar da kayan farauta, domin akwai wanda ya saba fita a wata rana tun yana bin mahaifinsa, yanzu an ce ya zauna a gida yana jin toraye suna kuka a bayan gonarsa. Duk da haka abin da na lura shi ne mafi yawan masu matsa wa hukuma lamba ta ƙara tsanani maharba ne da kansu.

Maganar ɗage ranar buɗewa ita ce ta fi ɗaukar hankalina, saboda har yanzu masana ba su gama yarda da juna a kanta ba. Farfesa Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya da abokan bincikensa, waɗanda suka shafe shekaru suna ɗaura wa talotalo na'urar bin sawu, sun ce toraye suna da sarauta a tsakaninsu, akwai babba wanda mata suka fi zaɓa, kuma shi ne mai yawan kuka da saurin amsa kira, don haka shi maharbi yake fara samu. A ganinsu idan aka buɗe farauta tun mata ba su fara saka ƙwai ba aka ɗauke wannan babban, sai tsarin ya rikice, barbara ta yi jinkiri, sheƙuna su warwatsu cikin watanni a maimakon su zo lokaci guda, masu cin ƙwai su yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Amma masu bincike na Jami'ar Tenesi sun gwada abin a aikace, suka jinkirta farauta da kwana 14 a wasu gundumomi suka bar wasu yadda suke, kuma ba su ga wani bambanci a yawan sheƙa ko na 'yan tsaki ba. Ni dai ra'ayina, jinkirin mako biyu ba ya cutar da kowa illa ɗan haƙuri, kuma idan tsuntsu yana raguwa gara a yi kuskure ta ɓangaren da zai amfane shi. Sai dai binciken Tenesi gargaɗi ne ga duk mai zaton gyaran kalanda kaɗai zai wadatar, tunda dajin da babu ciyawar ɓuya da ƙwarin da tsaki zai ci ba zai raya tsaki ba ko da an hana harbi shekara goma.

A nan ne maganar wuta ta shigo, kuma ta ba ni mamaki ƙwarai da na fara ganinta. Ma'aikatan daji a kudancin Amurka da gangan suke cinna wa daji wuta, amma yanki-yanki, bayan sun share hanyar da za ta tare ta, sun duba iska da laima, kuma sukan bar wuri ya huta shekara biyu ko uku kafin su sake komawa kansa. Wutar tana cinye tarin ganye da sarƙaƙiya, sabuwar ciyawa ta tsiro da fara da ƙwari, a gefe kuma ga inda ba a ƙona ba mace ta samu wurin sheƙa. Tsakanin wannan da abin da muke yi, na banka wa daji wuta daga gefe huɗu domin a kori zomo da gafiya a bar ta ta ci har inda ƙarfinta ya ƙare, akwai nisa mai yawa, ko da yake duka biyun sunansu ƙunar daji.

Akwai kuma wata dabara da ake jayayya a kanta wadda duk ɗan gidan maharba zai gane ta nan take. Maharbi yakan riƙe busasshiyar wutsiyar toro a baje kamar mafici, ya ɓoye fuskarsa a bayanta, ya yi rarrafe ya nufi babban toro a fili, shi kuwa toron yana ganin kishiya ta shigo masa gida sai ya taho a guje domin faɗa. Wannan ai burtu ne, irin wanda kakanninmu suke ɗaurawa a goshi su sunkuya suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci barewa. Jihohi irin su Mishigan da Niyu Jasi sun haramta ta, Tenesi ta hana ta a dazuzzukan gwamnati, saboda dalili biyu: wani maharbin yana iya hango wutsiyar ya sakar wa mai rarrafen wuta, sa'an nan dabarar tana kashe ainihin toron da a da ba ya kiruwa idan yana tare da matansa. Haka nan sabon harsashi mai ƙwayoyin ƙarfen tangistin ya ƙara nisan da bindiga take kashewa, ga kyamarorin da ake ɗaurawa a bishiya suna aiko wa mutum hoto a wayarsa. Dokar da aka rubuta domin maharbin jiya ba lalle ta iya da na yau ba, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi shafarmu.

Zabo da talotalo sun daɗe ana haɗa su. Ingilishi sun fara sanin zabo ta hannun fataken da suke zuwa daga ƙasashen daular Turkiyya, suka kira shi da sunan ƙasar, wato turkey, da talotalo ya iso sai sunan ya koma kansa, kuma har sunan da masana kimiyya suka ba talotalo kalmar Girkanci ce ta zabo. Kamannin bai tsaya a suna ba. Zabuwar daji a ƙasa take sheƙa, da damina take ƙwai, kwancinta kusan mako huɗu ne, 'yan tsakinta ƙwari suke ci kuma raɓa da sanyi suna kashe su, garken kuma a kan bishiya yake kwana. Bambanci ɗaya mai muhimmanci shi ne ba a iya rarrabe zabo da zabuwa daga nesa, don haka dokar harbin namiji kaɗai ba za ta yi aiki a wurinmu ba, abin da ya rage mana shi ne lokaci da dabara.

Ina yaro, idan muka bi gefen daji da hantsi bayan an gama girbi, garken zabi sai ya tashi a gabanmu kamar an watsa tsakuwa, fakara kuwa kukanta ne yake tashinmu. Zuwana gida na baya-bayan nan na yi mako uku ban ji kukan zabon daji ko sau ɗaya ba, kuma da na tambayi wani ƙanen mahaifina wanda ya tsufa a cikin sana'ar, sai ya ce mini yanzu sai an yi tafiyar yini a kan babur. Ya kuma tuna mini da abin da na manta, cewa a zamaninsu farauta tana da lokacinta ko da ba a rubuta ba. Sai an kawar da amfanin gona ake buga gangar gayya, da zarar ruwa ya sauka kuma kowa ya rataye baka ya ɗauki fartanya, don haka watannin da zabuwa take kwanci daji a hutawa yake. Yanzu akwai masu shiga daji kowane wata, akwai fitilar goshi da ake haske garke da ita a kan bishiya a kakkaɓe shi a dare ɗaya, akwai masu jiƙa dawa da maganin ƙwari su zuba a bakin ruwa, abin da yake kashe zabo da kurciya da duk abin da ya ci gawarsu, ya kuma jefa mai sayen naman cikin haɗari. Ga yara da masu kiwo da suke kwashe sheƙa kaf idan suka ci karo da ita. Wannan duka shi ne abin da Amurkawa suka yi wa talotalo kafin 1900, in ban da cewa kayan aikinmu sun fi nasu na wancan lokaci saurin kisa.

Na san za a ce Ba'amurke yana da nama a firji shi ya sa yake iya kallon tsuntsu ya wuce, namu maharbin kuwa da abin zai ciyar da gida. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a kwafo dokarsu ba, ban kuma ce a hana farauta ba. Mutumin da yake ci daga daji shi ya fi kowa asara ranar da dajin ya zama kango. Za a kuma ce dazuzzukanmu da yawa yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, wa yake ta zabo? Amsata ita ce wannan halin ne ma ya sa gwamnatocin jihohi suka san maharba, suka san shugabanninsu, suna kiransu taro suna neman taimakonsu a kan tsaro, don haka hanyar isar da magana gare su a buɗe take fiye da kowane lokaci. Doka ma ba daga sama za a faro ta ba, domin tun 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda jihohinmu suka gada, mai maganar lasisi da jerin dabbobin da aka kare. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Gana kuma sun san cewa a can kowace shekara ana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, in ban da gyazbi ga mai lasisi, saboda lokacin haihuwar namun daji ne. A addinance ma ba baƙon abu ba ne, tunda ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, da ya ga yadda take shawagi a kansu.

Abin da nake roƙon majalisun jihohinmu da masarautu shi ne su zauna da sarakunan baka da sarakunan dawa su tsayar da watannin da ba a harbin zabo da fakara, ba a kuma ɗibar ƙwansu, wanda a yankinmu zai kama daga saukar ruwa sosai a Yuni har zuwa Oktoba, sa'an nan a haramta guba da fitilar dare a kowane lokaci, hukuncin farko ya kasance a hannun shugabannin maharba waɗanda suka san kowa da sunansa. Idan za a karɓi kuɗin lasisi, to a rubuta a cikin dokar cewa kuɗin ba ya zuwa ko'ina sai aikin daji, kuma a riƙa karanta wa maharba lissafinsa, in ba haka ba za su ɗauke shi wani sabon haraji ne kawai su kauce masa. Ƙidaya kuma ba ta buƙatar na'ura, malamin gona da makiyayi da ɗalibin sakandare duk suna iya rubuta garke nawa suka gani a watan Nuwamba da kimanin yawan kowanne, a tara a hedikwatar ƙaramar hukuma, bayan shekara biyar za a san ko ana gaba ko ana baya.

Daga gare ka kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su sami tsofaffin maharba a Doguwa da Birnin Gwari da Ningi da Gumel da Maraɗi, su tambaye su a wane wata zabuwa take fara ƙwai a yankinsu, yaushe 'yan tsakinta suke iya hawa bishiya, kuma yaushe rabonsu da ganin garken da ya kai hamsin, a buga amsoshinsu da bakinsu a wannan shafi. Waɗannan dattawa ne suke riƙe da kalandar da za a gina dokar a kanta, kuma ƙanen mahaifin nawa da na ambata ya haura shekara tamanin.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan gidan maharba, daga jihar Jojiya, Amurka.